Tsohuwar mota mai ƙwanji a filin tseren Amurka: wane aji ya dace da ita?

Tseren miƙaƙƙen layi da Amurkawa ke yi ba shi da wuyar ganewa a ido. Motoci biyu su jeru, fitila ta kawo, su ɓarke da gudu tsawon kwata mil, wato ƙafa 1,320, kimanin mita 402. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen raba aji, musamman ga tsofaffin motocin nan masu ƙwanji da kamfanonin Ditiroyit suka riƙa fitarwa tun daga Pontiac GTO ta 1964 har zuwa farkon shekarun 1970: matsakaiciyar bodi, an cusa mata ƙaton inji mai silinda takwas. Wanda ya mallaki irinta, ko yake shirin saya don ya yi tsere, yana da gidaje huɗu ko biyar a gabansa, kuma kusan duka suna ɗauke da sunan Stock, mai nuna wai motar tana nan yadda kamfani ya ƙera ta. Sai ka shiga ciki za ka ga kowane gida da abin da yake nufi da hakan. A wani a bar ka ka tona cikin inji amma a ƙi ka canza taya, a wani kuma a ba ka taya mai faɗi amma a auna kamshaf ɗinka, sandar da ke buɗe bawul ɗin inji, da ma'aunin da ke ganin siririn gashi.

A fara da babban gida, ajin Stock na NHRA, babbar hukumar shirya irin wannan tsere a Amurka, wadda Wally Parks ya kafa a 1951. A nan lissafi ne ke ba mota aji, kuma lissafin a takarda yake. Ana ɗaukar nauyin motar yadda kamfani ya rubuta lokacin da ta bar masana'anta, a laba, a raba shi da ƙarfin dokin da hukumar ta yanke wa injin. Abin da ya fito shi ne yawan laba da kowane doki ke ja. Daga 8.00 zuwa 8.49 ajin A ke nan, 8.50 zuwa 8.99 ajin B, haka ake ta hawa da rabin laba, harafi bayan harafi, har a kai ga motoci masu nauyi da ƙaramin inji can ƙasan jerin. Mai giyar hannu ana rubuta mata A/S, mai otomatik kuma a ƙara harafi ɗaya ta zama A/SA, domin ba a haɗa su aji ɗaya.

Bari mu buga misali. A ce mota tana da nauyin laba 3,400 a takarda, injinta kuma doki 335. In ka raba za ka samu 10.15, ta faɗa ajin E. In hukumar ta ce a'a, wannan inji doki 360 ne, motar nan dai, ba a taɓa ko ƙusa ɗaya a jikinta ba, lissafi ya koma 9.44, ta haura aji biyu zuwa C, inda za ta tarar da waɗanda suka fi ta kuzari. Mafi ƙarancin nauyin da za ta hau sikeli da shi kuwa, ana samunsa ne ta ninka ƙasan ajin da yawan dokin, a ƙara laba 170 na direba. A ajin E da doki 335, laba 3,520 ke nan. A ƙara mata doki 10 kacal, dole ta ɗauki ƙarin laba 100, kusan kilo 45, in tana son zama a ajin. Masu harkar kuma sun daɗe suna ƙiyasin cewa kowace laba 100 tana cin kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. A tseren da ake rabuwa da tazarar da ba ta kai tsawon bamba ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Me ya sa hukumar ba ta yarda da lambar da kamfani ya rubuta kawai ba? Saboda kamfanonin sun yi wayo tun da wuri. Ford ta fito da Mustang mai injin 428 Cobra Jet a 1968 (irin wannan lamba girman inji take nunawa), ta rubuta masa doki 335, alhali duk wanda ya taka motar ya san ta wuce nan. A gasar farkon shekara da aka yi a Pomona ta jihar Kalifoniya a wannan shekarar, Al Joniec ya lashe rukunin Super Stock da ita, daga baya hukumar ta ɗaga lambar. Injin 340 na Plymouth da Dodge an rubuta masa 275, na 302 da ke cikin Camaro Z/28 an rubuta 290, injin Hemi na Chrysler mai 426 na kan titi an rubuta 425, kuma babu ɗaya a cikinsu da masana suka ɗauka da gaske. Dalili biyu ne. Ƙaramar lamba tana sauƙaƙa wa matashi kuɗin inshora, tana kuma jefa motar cikin aji mai sauƙi a filin tsere. Sai kuma aka zo 1972 kamfanoni suka canza yadda suke auna doki gaba ɗaya, suka koma auna inji da duk kayan da ke rataye a jikinsa, lambobi suka zube ƙasa. Ganin haka NHRA ta riƙe littafinta, tana yanke wa kowane inji lambar da ta ga ta dace, kuma tana da tsarin da ke ƙara doki da kansa in aka ga motoci masu wani inji suna yawan wuce mizanin lokacin da aka sa wa ajinsu da tazara mai yawa.

A nan ne nake ganin sabon shiga ya fi yin asara. Zuciya tana ja zuwa ga manyan sunaye: Chevelle SS 454 LS6 ta 1970 mai doki 450, Road Runner mai kafireto uku ta 1969, Camaro mai 396. Amma shahararren inji ya shafe shekara hamsin a hannun gwanaye, sun tatse shi sarai, hukumar kuma ta bi su da ƙarin doki har lambar ta kai inda ya kamata ko ma ta wuce. Mai sabon hannu da ya shigo da irinsa ya gaji harajin da wasu suka jawo ba tare da ya gaji iliminsu ba. Shi ya sa za ka ga tsohon ɗan tsere ya share kyawawan motoci ya je ya ɗauko wata doguwar wagon ta iyali mai ƙaramin inji da ba wanda ya damu da shi, saboda lambar dokinta tana da laushi, nauyinta kuma ya fi taruwa a baya, kan tayoyin da ke tura mota. Ba ta da kyau a hoto, amma tana cin zagaye.

Abin da aka yarda ka yi wa mota a Stock ya fi abin da sunan ke nunawa yawa. Ana buɗe salansa a sa bututun hayaƙi na tsere. Ana sa tayar tsere marar zane a baya, amma faɗinta kada ya wuce inci 9. Kamshaf za ka iya canza shi, a tsawaita lokacin da bawul ke zama a buɗe, sai dai tsayin ɗagawarsa dole ya tsaya a ma'aunin kamfani. Kafireto ya zama irin na wannan inji a wannan shekara. Kan silinda kuwa ba a yarda a ƙwaƙule hanyoyin iskarsa ba. Saboda haka gwanintar bakanike a nan ita ce ya kai kowane ma'auni bakin iyakar da doka ta ba shi, ya tsaya cak. Kuma ana bincike. Bayan gudu mota takan hau sikeli da direba a ciki, a ɗebi man da ke tankinta a gwada. In ta yi gudun da ya ɗaga gira, ko ta kafa tarihi, sai a ce a kwance inji. Ga mutum nan tsugune a rumfar bincike, inji bai gama hucewa ba, ya cire kan silinda ya ɗora a teburi, jami'i ya kife faranti a kan ramin ƙonewa yana ɗiga ruwa daga dogon bututun gilashi mai lambobi don ya ga ko ramin ya ƙanƙance fiye da ƙa'ida, wani kuma yana karanta lambar da aka zuba a jikin ƙarfen yana gwadawa da littafi. In ɗigo kaɗan ya gaza, nasarar ta tafi.

Yadda ake tseren ma ya kamata mai zaɓe ya sani, don mutane da yawa suna zaton mafi gudu ne ke ci. Kowane aji yana da mizanin lokaci da hukumar ta sa masa, kuma jerin cancanta ana yin sa ne da yawan tazarar da ka sauka ƙasa da mizanin ajinka. A zagayen fitarwa kowa yana rubuta lokacin da yake sa ran yi a jikin gilashin motarsa da farin alli ko man goge takalmi. In ka rubuta 12.00 abokin karawarka ya rubuta 10.50, fitilarka za ta riga tasa kawowa da daƙiƙa ɗaya da rabi, shi kuma ya biyo ka a guje. In ka yi gudun da ya fi abin da ka rubuta, ka faɗi, sai fa in shi ya fi ka zarcewa. In ka tashi kafin koriyar fitila, ja ta kama ka. To ka ga abin da ke ci a nan shi ne mota mai maimaita lokacinta da direba mai ido a kan fitila. Amma akwai tarko ɗaya: ranar da ka haɗu da ɗan ajinku, babu rangwame, babu lambar gilashi, tare za ku tashi, wanda ya riga isa ya ci. Wanda ya zaɓi aji mai cunkoso zai riƙa cin karo da wannan a kai a kai. Dokar ta ba da ƙofa kaɗan, domin ana iya rage nauyi a hau aji ɗaya sama ko a ƙara a sauko aji ɗaya ƙasa, kuma gogaggu suna amfani da ita su kauce wa inda zakaru suka taru.

Super Stock yayan Stock ne, lissafin nauyi da doki iri ɗaya, amma an saki igiya. Ana gyara hanyoyin iskar kan silinda cikin iyaka, kamshaf kowane iri, ana canza bututun da ke kai iska da mai cikin inji, taya tana kai faɗin inci 14 da ɗoriya. Irin wannan taya ba ta shiga ramin da kamfani ya yi, don haka sai an yanka bayan motar an faɗaɗa, an matse ƙarfen ƙasa, an canza yadda aksul ke rataye. Motar da aka yi wa haka ta bar titi ke nan. Wannan aji ne gidan motocin da kamfanoni suka ƙera ƙalilan don tsere kawai. Ford ta yi Fairlane Thunderbolt guda 100 a 1964, mai injin 427, har an cire fitilun gaba na ciki an mayar da ramukansu hanyar shan iska. Chrysler ta ba kamfanin Hurst aikin haɗa Dodge Dart da Plymouth Barracuda masu injin Hemi a 1968, wajen 80 da wajen 70, da bonet da fenda na roba mai zare, siririn gilashi, babu kujerar baya, babu hita, batir a cikin but, aka sayar da su ba garanti. Su ne ke da ajin SS/AH, kuma duk shekara ana yi musu karawa ta musamman a babbar gasar ƙasa ta Indiyanafolis, inda suke yin kwata mil a cikin daƙiƙa 8 da 'yan kai. Chevrolet kuma ta yi Camaro ZL1 guda 69 a 1969 da injin alminiyam, bayan wani dillali mai suna Fred Gibb ya yi odar 50, adadin da hukumar ke nema kafin ta karɓi mota a wannan rukuni. Kallon Super Stock akwai daɗi. Shiga kuwa sai mai aljihu, domin injin da zai yi gogayya a saman jerin yana iya cin kuɗin wata sabuwar mota sukutum.

Akwai abin da ya haɗa ajin biyu wanda mai tsohuwar mota ta asali ya kamata ya tsaya a kansa kafin komai, wato dokar kariya. A filayen NHRA, da ka sauka zuwa daƙiƙa 13.99 sai hular kwano. Da ka kai 11.49 sai an kafa bututun ƙarfe na kariya a bayan direba, mai buɗaɗɗen rufi kuwa tun daga 13.49. Da ka kai 9.99 sai cikakken keji da lasin tsere. Motar Stock ta saman jeri tana wasa a wajen daƙiƙa 10, saboda haka ba makawa sai na'urar walda ta taɓa ƙasan motar, an huda, an cire kafet, an yanka nan an ƙara can. In motar taka tana da injinta na asali mai lamba ɗaya da ta bodi, da takardun dillali, wannan aiki zai zaftare mata daraja fiye da duk kyautar da za ta ciyo. Abin farin ciki shi ne hukumar ba ta neman tarihin mota. Abin da take so shi ne bodin wannan shekara da wannan samfuri, da injin da kamfani ya taɓa sa wa irinta, da bonet da sauran alamomin da suka dace. Za ka iya ɗauko Camaro da aka haifa da silinda shida ka gina ta a matsayin mai 396, ba wanda zai ce maka uffan. Yawancin waɗanda ke tsere haka suka yi.

To mai ta asali ina zai je? Pure Stock. Taron da ya fi suna shi ne wanda aka saba yi a Stanton ta jihar Mishigan a watan Satumba. A nan mota tana zuwa da kafireto da bututun hayaƙi na ƙarfen zubi irin na kamfani, salansa a rufe har baya, kujeru cif, tayar titi siririya mai zane irin ta wancan zamani. Babu haruffan aji, babu lissafin doki, don haka rigimar wa aka zalunta a littafi ba ta taso ba. Ana barin kowa ya gwada lokacinsa, sannan a haɗa kowace mota da wadda lokacinsu ya fi kusa, su kara, wanda ya ci biyu cikin uku ya yi nasara. Sai ka ga Buick GS Stage 1 ta 1970 ta jeru da Hemi, ko AMC SC/Rambler ta tsaya kusa da GTO, irin haɗuwar da ake musu a kanta tun 1970. Da yawa suna yin daƙiƙa 12 zuwa 14, zakarun suna shiga 11. Dabarar duk tana ƙafar dama. Injin Buick ɗin nan yana da ƙarfin murɗawa mai yawan gaske, in ka danna totur gaba ɗaya a kan siririyar taya sai hayaƙi ya tashi motar tana nan tsaye, abokin karawa ya yi nisa. Dole a lallaɓa ta ta fita, sannan a taka. Naƙasun wannan gida shi ne tarukansa ba su da yawa a shekara, ba kamar NHRA ba mai yankuna bakwai da jerin gasa da maki da kofin da ake kira Wally. Wanda ke son tsere duk ƙarshen mako zai gaji da jira.

F.A.S.T. kuma, wato tseren motoci masu kamannin na kamfani da taya irin ta kamfani, wani abu ne daban, ko da yake in ka tsaya daga nesa ba za ka bambanta motarsu da ta Pure Stock ba. Ƙa'idar ita ce duk abin da ido ke gani ya zama na kamfani: tayar nan siririya, bututun ƙarfen zubi, kafireto, tukunyar tace iska, har fenti da sitika. Abin da ke cikin inji kuwa naka ne. A sa doguwar karanshaf a ƙara girman inji, a ƙwaƙule kan silinda, a sa kamshaf mai zafi muddin motar za ta yi sulo kamar ta gida. Da haka wasu suka sauka ƙasa da daƙiƙa 10 a kan tayar da aka yi wa tsarin shekarun 1960. Ni dai ba na ba sabon shiga shawarar nan. Kuɗin da ake binnewa a cikin injin yana kusa da na Super Stock, gudun kuma ya kai inda dokar keji ke kama mutum, sannan babu lambar gilashi da za ta kare mai ƙaramin ƙarfi. Gida ne na wanda ya riga ya ƙware, yana son ya ba mutane mamaki.

Sauran shi ne Nostalgia Super Stock, wanda ƙungiyoyi daban-daban ke shiryawa don motocin farko da tsakiyar shekarun 1960, irin su Impala mai 409 da Galaxie mai 427 da Dodge masu injin Max Wedge. A nan kamanni ake so, da inji ɗan gidan motar, ba a kwance maka inji ana ɗiga ruwa. Kai za ka zaɓi mizanin lokacin da motarka za ta iya, ka yi ƙoƙarin bugunsa daidai ba tare da ka zarce ba. Shi ne mafi sauƙin shiga ga mai son ƙara da tayar tsere da fentin zamanin da, amma ba ya son karatun littafin hukuma.

In aka ce in zaɓa wa mutum, tambayata ta farko ita ce me zai iya jure a yanka a jikin motar. Mai mota ta asali da takardunta, ko da ba ZL1 ba ce, ya nufi Pure Stock, ya yi gudunsa na daƙiƙa 13, ya koma gida da motarsa yadda ta zo. Mai bodi marar tarihi, wanda ke jin daɗin aikin inji da ma'auni, yana kuma son gasa mai maki daga farkon shekara zuwa ƙarshe, Stock ne nasa, kuma a cikin gidajen nan shi na fi girmamawa, domin mai mota ta daƙiƙa 13 yana iya fitar da mai ta daƙiƙa 10 ya ɗauki kofi iri ɗaya. Super Stock a bar shi sai an yi 'yan shekaru a Stock an ga ko aljihu da haƙuri za su kai. Mai tsohuwar mota da wani ya riga ya canza wa inji ya yanka mata ramin taya, kada ya wahalar da kansa wajen mayar da ita halal a idon NHRA, ya kai ta Nostalgia.

Wanda kuma bai sayi motar ba tukuna ya fi kowa sa'a, in dai zai bi abin a jere. Ya fara buɗe jadawalin rabon aji na NHRA, wanda ke jera kowace shekara da samfuri da inji da lambar dokin da ke kansa a yanzu, ya gwada ta da lambar kamfani ya ga nawa aka riga aka ɗora. Ya duba sakamakon gasannin yankinsa ya ƙirga motoci nawa ke cikin ajin da zai faɗa, da tazarar da suke saukowa ƙasa da mizani. Ya nemi lambobin kan silinda da kafireton da littafin ya amince da su, ya ga ko ana samunsu a kasuwa da kuɗin da hankali zai ɗauka, domin akwai injin da lambar dokinsa ke da laushi don kawai kayansa sun ƙare a duniya. Littafin dokoki na wannan shekarar zai karanta, tunda hukumar tana gyara shi duk shekara, lambobin doki kuma suna motsi. Bayan wannan ne zai je ganin bodi, da tocila a hannu, ya leƙa ƙarƙashin but da gindin ƙofofi inda tsatsa ke fara ci.